An dawo mini da facina sau uku: saurin aiki ne gaba ko lafiyar kod?

Sabuwar Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema, domin abin ya tsaya mini a rai tun jiya. Akwai direban wata na'urar awo a kanel ɗin Linux da nake aiki da shi kullum. Kanel shi ne zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, direba kuma kod ne da ke haɗa shi da na'ura. Na'urar tana turo bayanai, direban yana zuba su a wani rumbu mai zagaye, manhaja kuma tana kwasa. Duk zubi da duk kwasa sai an kama kwaɗon mutex, wanda ke hana biyu taɓa rumbun a lokaci guda. Na ga kamar asarar lokaci ce, sai na cire kwaɗon, na sake rubuta rumbun da lambobi biyu, ɗaya ta kai ɗaya ta wutsiya, mai zubi yana tura kai, mai kwasa yana tura wutsiya, ba mai jiran wani. Na kuma ƙara sabon umarnin ioctl, wato hanyar da manhaja ke ba direba umarni, don manhaja ta iya canja girman rumbun. Kwana biyu ina gwadawa a kwamfutata, ko gezau.

Na aika facin, wato gyaran kod ɗin, ga mai riƙon sashen, wanda ke bitar gyara kafin a shigar da shi, ya amsa mini a layi huɗu. Ya ce in raba facin gida biyu, in kawo awon da ya nuna kwaɗon ne ke jan ƙafa, in faɗi abin da zai hana mai kwasa ganin sabuwar lambar kai kafin bayanan su sauka, sannan ioctl ɗin ba zai karɓa ba. Na gyara bayanin na sake aikawa har sau biyu, amsarsa ba ta canja ba. Shin ni ce ban fahimta ba, ko kuwa masu bitar kanel tsoron sabon abu kawai suke yi?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, 'yata. Kafin in ce komai, tambaya biyu. A wace irin furosesa kika gwada? Kuma mai zubin, a cikin ainihin katsewa yake gudu, wato lokacin da na'ura ta katse furosesa don a kula ta, ko a zare, wato layin aiki mai zaman kansa?

Sabuwar Shiga: A x86 ne, Baba. Mai zubin kuma a zaren katsewa yake, shi ya sa tun asali aka iya sa mutex, tunda mutex yana iya sa mutum barci, a cikin ainihin katsewa kuwa ba a barci.

Tsohon Hannu: Madalla, kin san wannan. To ga inda gizo ke saƙa. Furosesar x86 tana da ladabi: idan ta rubuta abu na farko sannan na biyu, sauran furosesoshi a haka za su gan su. Furosesar ARM kuwa ba ta yi wa kowa wannan alkawari ba. Kina iya rubuta bayanai a rumbu, ki tura lambar kai, amma furosesa ta biyu ta ga lambar ta matsa alhali bayanan ba su iso gare ta ba, sai ta kwashi tsohon abu ta miƙa wa manhaja a matsayin sabo. Ba faɗuwa, ba kuka, sai dai awo ya fito ba daidai ba sau ɗaya a cikin dogon lokaci. Shi kansa kwamfaila, mai juya kod zuwa yaren inji, yana da ikon sauya jerin rubutun idan ba a hana shi ba. Kwaɗon da kika cire ba jira kaɗai yake sa mutane ba, shi ne ke tsare wannan jeri ba tare da kin sani ba. Da kika cire shi, nauyin ya dawo kanki na sa shingen memori, wato umarnin da ke tsare jerin rubutu da karatu: smp_store_release wajen tura kai, smp_load_acquire wajen karanta shi, haka ma a ɓangaren wutsiya. Ko checkpatch, manhajar duba faci, yana ƙorafi idan ya ga shingen memori ba a rubuta bayaninsa a gefe ba, saboda wanda zai zo bayanki dole ya san wane shinge ne abokin wane.

Kwana biyunki na gwaji gaskiya ne, amma a injin da ba ya nuna irin wannan ciwo kika yi shi.

Ɗan Sauri: Baba, ban musa maganar ARM ba, amma layi biyu ne ke gyara ta. Abin da ke damuna shi ne ɗabi'ar. Duk wanda ya zo da abu mai sauri sai a ce masa bar shi yadda yake, ya fi sauƙin karantawa. Mun ga inda wannan tunani ya kai mu. A 1996, da Linux 2.0 ya fara aiki da furosesa fiye da ɗaya, aka ɗauko ƙaton kwaɗo guda aka rufe kanel gaba ɗaya da shi, saboda shi ne mafi sauƙi. Sai 2011, a 2.6.39, Arnd Bergmann ya cire ragowarsa. Shekara 15 ana fama da sauƙin rana ɗaya. Kuma da masu bita sun tsaya a kan "mai sauƙi kawai", da RCU, dabarar barin masu karatu su wuce ba kwaɗo, bai shiga ba a 2002, ga shi yau hanyoyin sadarwa da neman sunayen fayil duk a kansa suke tsaye.

Tsohon Hannu: Ƙanena, misalanka biyu duk nawa ne. Ƙaton kwaɗon nan shi ya sa aka samu kanel mai aiki da furosesa biyu a 1996 maimakon a yi ta jira. An ci bashi, an san an ci, aka yi ta biya kaɗan-kaɗan, sashe bayan sashe, kuma ba manhajar da ta karye saboda biyan, domin abin duk a cikin gida yake. RCU kuwa, Paul McKenney da abokan aikinsa ba da baki suka zo ba, da awo suka zo, a wuraren da karatu ya ninka rubutu nesa ba kusa ba. Mai karatu yana wucewa kusan kyauta, mai rubutu shi ke kwafa, ya sauya, ya jira duk tsofaffin masu karatu su fita kafin ya saki tsohon. Ciniki ne, an san abin da aka bayar da abin da aka karɓa. Ita 'yar tamu me ta karɓa? Ba ta auna ba tukuna.

Sabuwar Shiga: Gaskiya ban auna ba. Ido na ya ga kwaɗo a hanyar da ake bi sau da yawa, sai na yanke hukunci.

Mai Gadin Ƙofa: Ƙanwata, ni ba shingen memori ne ya tsaya mini ba, haɗuwar rabi biyun facinki ne. Ki zauna ki bi wannan a hankali. Mai kwasa yana tsakiyar kwafe bayanai daga rumbu. A daidai lokacin wani zare ya kira sabon ioctl ɗinki ya ce a ƙara girma. Direba ya nemi sabon wuri, ya saki tsohon. Mai kwasa har yanzu hannunsa na cikin tsohon. Me zai hana?

Sabuwar Shiga: Innalillahi. Babu. Da kwaɗon ne zai hana, kuma na cire shi.

Mai Gadin Ƙofa: To kin gani. Amfani da memori bayan an sake shi kenan, kuma manhaja ce ke riƙe da igiyar tayar da shi duk lokacin da ta so. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, irinsa ake hawa a ƙwace injin gaba ɗaya. Akwai na biyu: rumbu marar kwaɗo irin naki yana aiki daidai ne kawai idan mai zubi ɗaya ne, mai kwasa ɗaya. Idan manhajoji biyu suka buɗe na'urar tare, ko zare biyu suka karanta a lokaci guda, wutsiya ta zama abin rige-rige. Shi ya sa ya ce ki raba facin. Kowane rabi shi kaɗai yana da kyan gani, haɗuwarsu ce guba, kuma sai an raba ake ganin wane ne ya dogara da wane.

Ki tuna Dirty COW da aka bayyana a Oktoban 2016. Rige-rige ne a tsarin kwafa-idan-za-a-rubuta, ya kai shekara 9 a kanel yana ba ƙaramin mai amfani damar rubutu a fayil ɗin da karatu kawai aka yarje masa. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya rubuta cewa ya taɓa ƙoƙarin gyara shi shekara 11 kafin nan, aka janye gyaran saboda ya kawo matsala a injinan s390. Idan irin wannan ya kuɓuce wa waɗanda suka gina gidan, mai bita yana da hujjar tsayawa idan ya ga an cire kwaɗo.

Ɗan Sauri: Yaya, na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma ki duba: ke a saƙo biyu kin nuna mata ramin. Shi sau uku yana mayar da ita bai nuna ba. Ina amfanin bitar da ba ta koyarwa?

Mai Gadin Ƙofa: A nan ina tare da kai rabi. Da ya ƙara jimla ɗaya, da ya rage mata mako biyu. Amma ka sa kanka a wurinsa. Ana fitar da sabon kanel kusan duk mako 9 zuwa 10, ana buɗe ƙofar haɗa sabbin abubuwa mako 2 kacal, kowane fitowa da faci sama da dubu goma. Masu rubutu sun fi masu bita yawa nesa. Kuma tun abin da ya faru a Afrilun 2021, lokacin da ta fito fili cewa wasu masu bincike a Jami'ar Minnesota sun aika faci masu ɓoyayyen aibi don gwada masu bita, har Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu riƙon kanel, ya dakatar da karɓar faci daga jami'ar aka koma bitar tsofaffin da suka aiko, kowa ya ƙara riƙe hannunsa da baƙon suna. Ba laifinta ba ne, amma a cikin wannan yanayi facinta ya sauka.

Mai Sauraro: Don Allah ku yi mini uzuri, ni ɗalibi ne. Na fahimci maganar kwaɗo. Amma me ya sa a kan kwaɗon ya ce "kawo awo", a kan ioctl kuma ya ce a'a kai tsaye? Ni da na ɗauka ioctl ɗin ne ƙaramin abu.

Tsohon Hannu: Ɗana, tambayarka ita ce zuciyar maganar. A kanel kuskure iri biyu ne: wanda ake iya janyewa da wanda ba a iya janyewa. Duk abin da ke cikin gida, kwaɗo ne, rumbu ne, sunan aiki ne, gobe ana iya rushe shi a sake. Linux ma da gangan ya ƙi yi wa direbobi alkawarin cewa hanyoyin cikin gida ba za su canja ba. Wanda ya canja hanya shi zai bi duk masu amfani da ita a cikin kanel ya gyara su. Amma abin da ya leƙa waje, wanda manhaja za ta kira, magana ce zarar bunu. Dokar Torvalds a nan ba ta da sassauci: ba a karya manhajar da take aiki jiya. Ranar da ioctl ɗin nan ya fita a kanel, wani a wani wuri zai rubuta manhaja a kansa, daga nan an ɗaure da shi har abin da hali ya yi.

Ka duba tabon da irin wannan ya bari. Me ya sa ake da dup3 da pipe2 da accept4 a cikin kiran da manhaja ke yi wa kanel? Saboda na asalin ba su bar gurbin tutoci ba, wato wurin faɗin zaɓi, da aka buƙaci ƙara zaɓi ɗaya sai da aka ƙirƙiro sabbin kira a 2008, tsofaffin kuma suna nan ana ɗauke da su. Shi kuma openat yana da gurbin tutoci, amma idan aka ba shi tutar da bai sani ba sai ya yi shiru ya wuce, don haka manhaja ba ta da hanyar sanin ko an yi abin da ta nema. Sai a 2020, a kanel 5.6, aka kawo openat2 mai ƙin abin da bai gane ba. Ga kuma lokaci da aka ajiye a bit 32, wanda zai cika ranar 19 ga Janairun 2038. Sai da aka ƙara jerin sabbin kira a 5.1 don injinan bit 32 su tsira. Duk waɗannan, a ranar da aka rubuta su, ƙananan abubuwa ne.

'Yata, a cikin tsarin bayanan ioctl ɗinki, da wane nau'i kika ajiye girman?

Sabuwar Shiga: Da long, nau'in lamba a yaren C, Baba. Sai wani char a gabansa.

Tsohon Hannu: To long bit 32 ne a manhajar bit 32, bit 64 ne a kanel na bit 64, girman tsarin ya bambanta kenan, sai an rubuta kod na musamman mai fassara tsakaninsu. Kuma tsakanin char ɗin da long ɗin kwamfaila zai bar rami na cike gurbi. Idan kika mayar wa manhaja tsarin ba ki share shi da sifili ba, duk abin da ya rage a wannan rami na sirrin kanel ya fita waje. Abu uku ke nan a umarni ɗaya, kuma da ya shiga ba mai cire shi.

Ɗan Ƙaramin Kanel: Ku gafarce ni, amma duk wannan wahala daga tushe take. Direban na'urar awo me ya kai shi ɗaki ɗaya da mai rabon memori? Abin da Andrew Tanenbaum ya faɗa wa Torvalds ke nan tun Janairun 1992. A ƙaramin kanel irin QNX ko MINIX 3, direba manhaja ce kamar kowace. Ya faɗi, a tashe shi, injin na ci gaba. seL4 kuwa, shi ma ƙaramin kanel, a 2009 aka tabbatar da shi da hujjar lissafi, layin C kusan 8,700. Ku dubi 19 ga Yulin 2024: sabuntawa ɗaya ta kamfanin tsaro na CrowdStrike ta sa direbansu da ke cikin kanel ɗin Windows ya karanta inda bai kamata ba, Microsoft ta ce na'urori kusan miliyan 8.5 abin ya shafa.

Mai Gadin Ƙofa: Malam, maganarka tana da ƙarfi, kuma a mota ko na'urar asibiti ni ma can zan karkata. Amma hujjar layi 8,700 ɗin nan ta ci layi kusan dubu 200 da shekarun aikin mutane da yawa, Linux kuwa ya haura layi miliyan 30, mafi yawansu direbobi. Sannan rige-rigen ƙanwarmu ba zai ɓace ba don an fitar da direban waje. Ɓarnarsa ce za ta ragu, a biya da yawan saƙonni tsakanin sassa. Ciniki ne shi ma. Mu dawo kan facin da ke gabanmu.

Ɗan Sauri: Kafin mu dawo, kada a bar sabbi da tunanin cewa tsaro kullum shi ke cin nasara a bita. A Nuwamban 2018 an kunna kariyar STIBP daga aibin furosesa mai suna Spectre ga kowa, wasu ayyuka suka yi mummunan jinkiri, Torvalds ya nuna ɓacin ransa cewa ba a faɗi tsadar abin ba lokacin da aka kawo shi, aka koma aka mai da ita ga manhajojin da suka nema ko aka killace. Ga io_uring kuma, hanyar karatu da rubutun bayanai, Jens Axboe ya kawo shi a 5.1 a 2019 don sauri, aka karɓa, daga baya ramukan tsaronsa suka sa Google ta kashe shi a ChromeOS ta kuma taƙaita shi a Android. Wani lokaci sauri ya ci, wani lokaci tsaro. Abin da ba a yafewa shi ne ɓoye farashi.

Tsohon Hannu: Yau kam bakinmu ɗaya da kai. Abin da mai bita ke nema a bayanin faci ke nan: me aka samu, me aka bayar, wa zai biya. Shi ne zai riƙe kod ɗin bayan mai facin ya kama wani aiki, shi syzbot, manhajar farautar aibi, zai aiko wa rahoto da tsakar dare.

'Yata, ga shawarata. Ki mayar da kwaɗon, ki kunna perf, manhajar awon aikin furosesa, ki bar na'urar ta yi aiki sosai, ki ga inda lokaci ke tafiya. Gani ya kori ji. Idan har kwaɗon ne, kada ki rubuta naki rumbun, akwai kfifo a kanel, an yi shi don mai zubi ɗaya da mai kwasa ɗaya ba kwaɗo, idanu da yawa sun bi ta kansa. Sai ki sa kwaɗo a ɓangaren masu kwasa kaɗai. Ki gina kanel ɗin gwajinki da lockdep da KASAN da KCSAN a kunne, masu kama aibin kwaɗo da na memori da na rige-rige, kuma ki nemi allon ARM ko da ƙarami ne.

Sabuwar Shiga: Na dawo. Na yi yadda Baba ya ce. Kwaɗon ko a sahun gaba bai fito ba. Kusan kullum ba mai riƙe da shi idan aka zo kamawa, don haka kamun ba ya cin komai. Inda lokaci ke tafiya shi ne farkarwa: duk awo ɗaya da ya shigo, direban sai ya tashi manhajar daga barci, ta kwashi ɗaya tak, ta koma. Na gwada tara awo kaɗan kafin a tashe ta, sauyin zare ya ragu sosai, facin kuma bai kai layi ashirin ba, kwaɗon yana nan inda yake. Don in tabbatar da maganar Yaya, na mayar da tsohon facina na kunna KASAN, na sa zare ɗaya yana karatu ɗaya yana canja girma. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kama shi.

Mai Gadin Ƙofa: Barka, ƙanwata. Amma sabon facin ma yana da farashinsa, ki faɗe shi da bakinki kafin a tambaye ki. Manhajar da ta saba samun kowane awo nan take yanzu za ta jira a tara. Idan na'urar tana turowa a hankali, jiran zai yi tsawo, kuma wannan canjin hali ne da manhaja za ta gani.

Sabuwar Shiga: Na yi tunaninsa. Zan bar adadin tarawar a 1 idan ba a taɓa shi ba, yadda tsofaffin manhajoji ba za su ga bambanci ba, wanda yake so ya ɗaga. Abin da ban yanke ba shi ne ta ina za a ɗaga. Fayil a sysfs nake tunani, inda kanel ke nuna saiti a matsayin fayil, amma ai shi ma ƙofa ce ta waje.

Tsohon Hannu: Ƙofa ce, kuma ita ma ba a rufe ta bayan an buɗe. Kafin ki ƙirƙiro suna, ki duba ko sashen da direban yake yana da irin wannan saiti tuntuni. Sashen IIO na na'urorin awo yana da watermark a rumbunsa, wato adadin da za a tara kafin a tashi manhaja, don wannan aiki daidai. Idan direbanki a can yake, ki yi amfani da shi, ba sabuwar ƙofa ke nan. Idan ba a can yake ba, ki tambayi mai riƙon sashen a cikin wasiƙar facin wane suna yake so kafin ki rubuta, ki haɗa da bayaninsa a Documentation/ABI, ki sa sakamakon perf na kafin da na bayan a saƙon facin, da sunan injin da kika gwada a kai.

Sabuwar Shiga: A IIO yake, Baba. Na duba yanzu, watermark ɗin yana nan, direban ne ya kauce wa rumbun sashen ya gina nasa. Zan fara da mayar da shi kan na sashen a faci na farko, in aika gobe in Allah ya yarda.